Zuwa Taron Ƙwararrun Sadarwa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Shiri, Sauraro da Rubuta Rahoto

Duk lokacin da aka zaɓi wani abokin aiki zai je taron ƙwararru karon farko, tambayoyin da yake zuwa mini da su kusan iri ɗaya ne, kuma yawancinsu a kan tikiti da masauki suke ƙarewa. Waɗannan ai masu sauƙi ne. Abin da ke da wuya shi ne mutum ya yi kwana uku yana sauraron jawabai, sannan ya dawo da abin da wani zai karanta ya yi aiki da shi. Na tattara tambayoyin a nan, na amsa su gwargwadon abin da na gani, har da wuraren da ni kaina na yi tuntuɓe.

Wai mece ce “sadarwar ƙwararru”, kuma su wa ke zuwa irin wannan taro?

Da yawa suna jin kalmar sadarwa sai hankalinsu ya tafi kan eriya da layukan waya. Ba nan aka dosa ba. Ana maganar yadda mutane ke rubutu da magana a wurin aiki don wani ya fahimta ya aikata: littafin umarnin da ke zuwa da na'ura, rahoton injiniya, takardar da ake naɗewa a cikin kwalin magani, sanarwar da kamfani ke aika wa ma'aikatansa, har da ɗan gajeren saƙon da ke fitowa a fuskar waya idan manhaja ta ƙi aiki. Masu zuwa kuwa su ne marubutan fasaha, editoci, masu fassara, jami'an hulɗa da jama'a, malaman jami'a da ɗalibansu, da injiniyoyin da suka gaji da rubuta abin da ba wanda ke karantawa.

Batutuwan da za ka tarar suna yawo a zaurukan ba su da wuyar hasashe. Akwai maganar sauƙaƙa harshe, wadda ta samu ƙarfi tun da Amurka ta yi doka a 2010 da ta wajabta wa hukumomin gwamnatin tarayya su riƙa rubuta wa jama'a da harshe bayyananne, sannan hukumar ma'aunai ta duniya, ISO, ta fitar da ma'auninta mai lamba 24495-1 a 2023. Ma'aunin ya tsaya ne a kan abu huɗu: mai karatu ya samu abin da yake buƙata, ya iya gano inda yake, ya fahimce shi, ya kuma iya amfani da shi. Akwai maganar rubuta wa makafi ta yadda na'urorinsu za su iya karanta musu, akwai fassara, sai kuma ƙirƙirarriyar basira, wadda a 'yan shekarun nan ba zaman da ake tashi ba a ambace ta ba.

Waɗanne tarurruka ne sanannu, kuma yaya zan zaɓa?

Kowane taro da irin mutanensa. ProComm, wanda reshen sadarwa na ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ke shiryawa duk shekara, ya fi karkata ga bincike: maƙalu ne da aka tantance, ana kuma buga su a kundin taron. Babban taron IABC, ƙungiyar da aka kafa a 1970, na masu sadarwar kamfanoni ne da hulɗa da jama'a. A Jamus, ƙungiyar tekom, wadda aka kafa a 1978, tana yin taron tcworld a birnin Stuttgart wajen ƙarshen shekara, tare da baje kolin manhajojin rubutu da fassara. Write the Docs kuma, da aka fara a Portland ta Amurka a 2013, na masu rubuta bayanan manhaja ne, ba ya da tsauri, kuma sabon shiga ba ya jin kansa baƙo a can.

Ka lura da abu guda: tsoffin shawarwari da yawa za su tura ka taron ƙungiyar STC, wadda ta shafe shekaru fiye da 70 tana jagorancin wannan fanni. Ta rufe a farkon 2025. Saboda haka kafin ka ɗora shirinka a kan sunan wani taro, ka tabbatar ana yin sa a bana.

Hanyar zaɓe mafi inganci ita ce ka nemo jadawalin bara ka karanta sunayen jawaban. Idan a cikin jawabi talatin ba ka ga biyar da suka taɓo aikin da ke kan teburinka ba, ba taronka ba ne, komai girman sunansa.

Yaya zan gane taron bogi?

Suna nan da yawa, kuma da imel suke farauta. Saƙon zai zo da yabo, a ce an karanta aikinka an ga ya dace ka zama babban mai jawabi, alhali ba a ambaci ko guda daga cikin abin da ka rubuta ba. Alamominsu: taro guda ya haɗa likitanci da noma da adabi da sadarwa, a karɓi tsakuren maƙalarka cikin kwana ɗaya ko biyu ba gyara, sunansa ya yi kama da na wani sanannen taro da bambancin kalma ɗaya, kuma ba ka ganin wata ƙungiya ko jami'a da ta tsaya masa. Idan ka yi shakka, ka ɗauki sunan mutum ɗaya daga cikin kwamitin da suka lissafa, ka nemi adireshinsa na wurin aikinsa, ka tambaye shi ko ya san da zancen. Sau da yawa bai sani ba.

Yaushe ya kamata in fara shiri?

Ya danganta da ko za ka gabatar da wani abu, da kuma ko za ka tsallaka iyaka. Kiran maƙalu, wato gayyatar masu son gabatarwa su aiko da nasu, yakan rufe watanni da yawa kafin taro, wani lokaci fiye da rabin shekara. Rajista ma tana da matakai, wanda ya yi sammako ya fi samun sauƙi, kuma zaman bita mai ƙayyadaddun kujeru shi ke fara cika.

Biza ita ce ke karya yawancin tafiye-tafiye, don haka da ita za ka fara. Ga ƙasashen Turai na yankin Schengen, ana iya shigar da takardu tun wata 6 kafin tafiya, kuma ba a so ya gaza kwana 15. Duba takardun yakan ɗauki kwana 15, amma yana iya kaiwa 45. Fasfo ɗinka dole ya kasance yana da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar da za ka bar yankin. Ga Amurka, abin da ke cin lokaci shi ne samun ranar ganawa a ofishin jakadanci, wanda a wasu wurare yakan kai watanni. Masu shirya taro sukan ba da takardar gayyata, amma galibi sai bayan ka yi rajista, don haka ka karanta sharaɗin mayar da kuɗi idan aka hana biza tun kafin ka biya.

Me zan faɗa wa shugabana don ya amince in je?

Kada ka ce za ka je “ƙaro ilimi”. Kowa haka yake cewa, kuma shugaba ya ji ta har ya gaji. Ka rubuta masa rabin shafi: matsala kaza ce ke damun sashenmu, ga zama uku a jadawalin da suka yi magana a kanta, ga wanda zai riƙe aikina ranakun da ba na nan, kuma mako guda bayan na dawo zan kawo rahoto in yi wa sashe bayani na minti 30. Alkawarin ƙarshen nan shi ke buɗe ƙofa. Shi ne kuma zai hana ka yin barci a zaure.

Jadawalin ya cika, zama huɗu ko biyar a lokaci guda. Wanne zan shiga?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini, domin amsarta ce ke raba wanda ya je taro da wanda ya je yawo. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. An shirya taron ne ta yadda ba mai iya ganin ko rabinsa, don haka ka cire wannan buri daga ranka tun daga gida.

Abin da nake yi shi ne in rubuta tambaya guda a shafin farko na littafina kafin in buɗe jadawali. Tambaya ta gaske, wadda ta fito daga aikina, irin wadda idan na samu amsarta wani abu zai canza ranar Litinin. Misali: me ya sa mutane ke ta kiran sashen taimako suna tambayar abin da muka riga muka rubuta a shafi na biyu na littafin umarni? Ko kuwa: yaya za mu sa marubuta biyar su riƙa kiran maɓalli guda da suna guda? Da wannan tambaya nake bin jadawalin, in yi wa zama alama iri uku: wanda dole in shiga, wanda zan shiga idan na farko ya ba ni kunya, da wanda zan nemi takardarsa daga baya.

Sunan jawabi yana ruɗi. Ka karanta tsakuren, ka duba ko mai maganar zai ba da labarin abin da suka yi ne da sakamakonsa, ko kuwa zai faɗi abin da ya kamata a yi. Na farkon ya fi daraja nesa ba kusa ba, musamman idan ya yarda ya faɗi inda suka faɗi ƙasa. Ka kuma duba wurin aikinsa: idan kamfaninsa na sayar da manhaja kuma sunan manhajar na cikin tsakuren, to talla za ka saurara na minti 40, sai dai idan manhajar kake nema.

Babban jawabin buɗe taro yakan yi daɗin ji, kuma a nan ake tafi, amma shi ne galibi ake naɗa a saka wa kowa daga baya. Ƙananan zama na ɗakin da ke can ƙarshen baranda, mai mutum goma sha biyar, su ne ba za ka sake samu ba. Sannan ka bar sa'a ɗaya ko biyu a kowace rana ba ka shiga komai ba. Za ka ji kamar kana asarar kuɗin rajista. Ba asara ba ce, lokacin rubutu ne da hira.

Idan ka shiga zama ka ga ba shi ba ne, ka fita a hankali. Shi ya sa ake zama kusa da ƙofa a zaman da ba a tabbatar da shi ba.

Ni ba na gabatar da komai. Akwai amfanin in je?

Ƙwarai kuwa. A gaskiya zuwan farko ya fi kyau a haka, domin mai gabatarwa ba ya jin komai sai ya sauke nasa nauyin.

To idan kuma zan gabatar fa?

Ka fara sanin wane iri aka ba ka. Maƙala a taron bincike takan samu minti 15 zuwa 20, sai ɗan lokacin tambayoyi. Akwai gajerun jawabai na minti 5. Akwai salon PechaKucha da aka fara a Tokyo a 2003, inda shafi 20 ke wucewa a allon majigi, kowanne daƙiƙa 20, jimla minti 6 da daƙiƙa 40, kuma allon ba ya jiran ka. Akwai fosta, wadda sau da yawa ake nema a girman A0, wato milimita 841 da 1189, ka tsaya kusa da ita kana amsa tambayoyi. Ka tabbatar ko a tsaye ake so ko a kwance kafin ka buga.

Ka gwada jawabin da murya, da agogo a gabanka, aƙalla sau uku. Abin da ka karanta a zuci cikin minti goma zai ci sha biyar a baki. Kuma tunda taron masu sadarwa ne, ka sani cewa mutanen da ke gabanka sana'arsu ce gano jimlar da ta yi tsawo da shafin da aka cusa wa rubutu. Ka ajiye kwafin shafukanka a wuri biyu, ɗaya a matsayin PDF, saboda kwamfutar zauren ba lallai ta san irin haruffanka ba.

Me zan saka a jaka?

Littafin rubutu mai kauri da biro biyu, caja, adaftar soket, da fawa banki. Soket ɗin Amurka daban, na yawancin Turai daban, na Ingila daban. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Turai 230, amma cajar kwamfuta da ta waya yawanci an rubuta musu 100 zuwa 240, ka duba jikin taka ka gani. Fawa banki a jakar hannu ake shiga jirgi da shi, ba a cikin akwatin da za a auna ba. Ka zo da riga mai ɗan nauyi, domin zaurukan taro sanyi gare su ko da waje ana zafi, da takalmin da ka riga ka saba da shi.

A tafiyata ta farko ban zo da adafta ba. Ƙarfe sha ɗaya na safe kwamfutata ta mutu a tsakiyar zaman da na yi tafiyar dominsa, na ƙarasa rubutun a bayan takardar jadawali, a kan gwiwata, da biron da na ara wurin wata mata da ke gefena. Abin mamaki, rubutun nan na bayan takarda shi ne ya fi kowanne amfani da na dawo, saboda rashin wuri ya tilasta mini in zaɓi abin da zan rubuta.

Da hannu zan riƙa rubutu ko da kwamfuta?

Duk wanda ka fi sauri da shi, muddin ba za ka zama magatakardan kotu ba. Haɗarin kwamfuta shi ne yatsu su riƙa kwashe kowace kalma alhali kai ba ka nan. Haɗarin waya ya fi haka: ka ɗaga ta ka ɗauki hoton kowane shafi da ya fito a allo, ka ji kamar ka yi aiki. Na taɓa dawowa da hotuna cike da waya, rabinsu da ƙeyar mutumin da ke gabana, kuma ban sake buɗe ko ɗaya ba.

Tsarin da nake bi ya samo asali ne daga wanda Walter Pauk ya koyar a Jami'ar Cornell a shekarun 1950. Ka ja layi a tsaye ka raba shafi biyu, gefen dama mai faɗi, na hagu siriri, ka bar 'yan layuka a ƙasa. A dama kake rubuta abin da ake faɗa. A hagu kake sa tambayoyinka da kalmomin tuni. A ƙasa, da zarar an tashi, ka taƙaita zaman cikin jimla biyu. Idan ka kasa, to ba ka gane shi ba, kuma gara ka sani yanzu da mai jawabin bai bar ɗakin ba.

Na ƙara wa tsarin abu guda da ya cece ni sau da yawa: ina bambanta abu uku da alama. Kalmomin mai jawabi daidai yadda ya faɗe su, ina sa su cikin baka biyu. Ma'anar maganarsa da kalmomina, ba alama. Ra'ayina kuma, ina sa masa tauraro. Bayan kwana huɗu ba za ka iya tuna wanne ne nasa wanne ne naka ba, kuma a nan ne ake jingina wa mutum abin da bai faɗa ba. A saman kowane shafi ka rubuta sunan mai magana kamar yadda yake a jadawali, da rana, da lokaci. Idan ya ba da adadi, ka rubuta daga ina ya ce ya samo shi. Idan bai faɗa ba, ka rubuta cewa bai faɗa ba.

Zan iya ɗaukar hoto, ko naɗar murya, ko in ambaci sunan mai magana a rahotona?

Ka tambaya. Yawancin tarurruka suna da ƙa'ida a rubuce, wasu ma suna ba da igiyar katin wuya mai launi daban ga wanda ba ya so a ɗauke shi hoto. Wasu masu jawabi suna sa alama a shafin da ba su yarda a ɗauka ba, saboda binciken bai fito ba tukuna ko kuma bayanin na kamfaninsu ne. Naɗar murya ba tare da izini ba kuwa, a wasu ƙasashe laifi ne a doka, ba rashin ladabi kawai ba.

Idan ka ji an ce zaman yana ƙarƙashin ƙa'idar Chatham House, ga ma'anarta. Ƙa'ida ce guda ɗaya da wata cibiyar nazari ta Landan ta tsara a 1927: kana da damar amfani da abin da aka faɗa, amma ba za ka bayyana wanda ya faɗa ba, ko wurin aikinsa, ko sunan wani mahalarci. Mutane sukan kiyaye sunan su manta da wurin aikin. Idan ka rubuta “wata shugabar sashe a wani babban kamfanin jiragen sama”, alhali ita kaɗai ce a ɗakin daga irin wannan kamfani, ka karya ƙa'idar.

Hirar baranda ta fi wannan santsi. Wani mutum ya taɓa ba ni labarin yadda sauya tsarin rubutu ya jefa sashensu cikin rikici na wata shida, muna tsaye muna jiran a buɗe zaure. Labarin ya yi mini daɗi, na sa shi a rahoto da sunansa, rahoton kuma ya zaga fiye da yadda na zata. Saƙon da ya aiko mini bai fi layi uku ba, ba zagi a ciki, amma har yau ina jin nauyinsa. Magana zarar bunu ce. Tun daga ranar, idan hira ta yi armashi nakan ce, “Zan iya rubuta wannan? Da sunanka ko ba suna?” Ba a taɓa jin haushin tambayar ba.

Manhajojin da ke mayar da magana rubutu su taƙaita fa?

Sharaɗin izini bai canza ba, naɗa naɗa ce, har ma ta fi, tunda muryar mutum za ta tafi rumbun wani kamfani. Idan an yarda, suna taimakawa wurin gano jimlar da ta wuce ka. Amma suna tuntuɓe a kan sunaye da adadi da kalmomin fanni, kuma taƙaitawarsu ba ta san tambayar da ka zo da ita ba, don haka takan ba ka abin da kowa zai iya karantawa a tsakure. Kada ka sa wata magana cikin baka biyu daga irin wannan rubutu sai ka sake saurara da kunnenka.

Ban san kowa ba, kuma ina da kunya. Yaya zan yi?

Rabin mutanen da ke zauren haka suke, shi ya sa kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Tambaya mafi sauƙi ita ce, “Wane zama kika shiga da safe, ya yi kyau?” Ba wanda ba shi da amsarta, kuma tana kawo maka labarin zaman da ba ka samu shiga ba. A taron Write the Docs akwai wata al'ada da ta yaɗu zuwa wasu tarurruka, wadda suka sa wa sunan wasan bidiyo na Pac-Man: idan kuna tsaye a da'ira kuna hira, ku bar giɓin mutum ɗaya, don wanda ke rakuɓe ya samu wurin shiga. Ka nemi irin wannan giɓi, kai ma ka riƙa barin sa.

Ka shirya jimla biyu da ke bayyana aikinka ba tare da sunan muƙami ba. “Ina rubuta umarnin da ma'aikatan jinya ke bi wurin amfani da na'urar auna jini” ya fi “babban jami'in sadarwa na biyu”. Kuma mutum uku da kuka yi hira ta gaske sun fi kati hamsin. Wanda ya ba ka katinsa, ka rubuta a bayansa abin da kuka tattauna kafin ka sa a aljihu.

Yaya ake yin tambaya bayan jawabi?

Gajeriya, guda ɗaya, kuma ta ƙare da alamar tambaya. Ka jira makirufo. Idan ka ji bakinka na shirin cewa “ni tawa ba tambaya ba ce, tsokaci ne”, ka riƙe ta sai an fito.

Yaushe zan rubuta rahoton, kuma yaya zan tsara shi?

A daren ranar, kafin ka kwanta, ko da minti 30 ne. Tun a 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan koyo, sannan ta rage sauri. Da zafi-zafi akan daki ƙarfe. Ba rahoton za ka gama a daren ba, za ka cike giɓin rubutunka ne, ka warware gajerun kalmomin da ka yi cikin sauri, ka ja layi a ƙarƙashin abu ɗaya ko biyu da suka taɓa tambayarka.

Wurin tsarawa, kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne bin jadawali: ranar farko an buɗe taro, sai wane ya yi magana, sai aka tafi hutu. Wanda bai je ba ba ruwansa da wannan. Ka fara da tambayar da ka tafi da ita da amsar da ka samo, ko da amsar ita ce ba wanda ya warware matsalar tukuna, domin wannan ma labari ne. Sannan ka kawo abu biyu ko uku da za a iya gwadawa, kowanne da sunan wanda ya faɗa, da abin da suka yi, da abin da ya biyo baya, da dalilin da kake ganin zai yi aiki a wurinku ko ba zai yi ba. Zaman da bai ba ka komai ba, layi ɗaya ya ishe shi, ko ka bar shi gaba ɗaya. Jerin duk zaman da ka shiga yana iya zuwa a ƙarshe ga mai so.

Idan harshen taron daban ne da na rahoton, ka yanke shawara a kan kalmomin fanni tun farko, ka tsaya a kan fassara guda ga kowace kalma. Kuma maganar da ka fassara, ka nuna fassararka ce.

Kafin ka tura, ka duba rubutun kowane suna da jadawali, ka duba kowane adadi da shafukan mai jawabin idan ya raba su. Shafukan nan mallakarsa ne, kada ka kwafe su cikin rahoto sai da izini ko kuma idan ya sa musu lasisin da ya yarda da haka.

Idan ban yarda da abin da mai jawabi ya faɗa ba, in rubuta?

Ka rubuta, rahoton da ya yabi kowa ba a yarda da shi. Amma ka fara kawo hujjarsa yadda shi kansa zai karanta ya ce e, haka na faɗa. Sannan ka faɗi inda kuka rabu da dalili. Ka tuna minti 20 aka ba shi, wataƙila abin da kake ganin ya manta yana cikin cikakkiyar maƙalar. Ka duba ta, ko ka aika masa tambaya. Yawancinsu suna murna da jin cewa wani ya saurara har ya samu abin musu.

Idan ta intanet zan halarta fa?

Shirin ɗaya ne, sai abu biyu. Ka lissafa bambancin agogo da kyau, ka tuna Amurka da Turai suna sauya agogonsu sau biyu a shekara kuma ba a mako guda suke yi ba. Sannan ka nemi a ɗauke maka aikin ranar kamar wanda ya yi tafiya, in ba haka ba za ka ƙare kana amsa imel da jawabi yana tafiya a kunne ɗaya. Kada ka dogara da cewa za ka kalli naɗin daga baya, sau da yawa ana rufe shi bayan wani wa'adi.

Na dawo. Me ya rage?

Cikin mako guda ka aika wa mutanen da kuka yi hira saƙo, kowanne nasa daban, ka ambaci abin da kuka tattauna, ka kuma tura abin da ka yi alkawari. Ka miƙa rasiɗai tun ba su ɓace ba. Ka yi bayanin minti 30 ɗin da ka ɗaukar wa shugabanka, ka zo da shawara guda da za a iya gwadawa a takarda ɗaya cikin wata ɗaya, ba sauya tsarin sashe gaba ɗaya ba. Idan akwai wanda ka ambata da suna a rahoton, ka tura masa kwafi. Sai ka buɗe kalandarka, ka nemi ranar da kiran maƙalu na baɗi zai buɗe, ka sa mata alama, ka rubuta a gefenta sakamakon gwajin da za ku yi.